Ƙofar da Karen Zai Nufa

Jim kaɗan bayan sallar isha'i, a wani dare na tsakiyar damina, mutanen wani ɗan layi da ke bayan titin jirgi a Makera suka ji wata ƙara da ba su taɓa jin irinta ba. Ba haushi ba ne, ba kuma kuka ba. Ta faro siririya kamar ana jan goge a nesa, ta yi ta kumbura, sai ta haɗu da salatin wani tsoho, muryoyin biyu suka tashi tare har kunne ya kasa raba su. An ɗauke wuta tun la'asar, saboda haka babu rediyo, babu talabijin, kowa ya ji ta sarai.

Judith mai injin niƙa, wadda duk layin ke kira Maman Lizzy, ita ta fara fitowa da tocila, domin a ƙofarta abin ya faru. Ta tarar da Malam Zakariyya'u, ladanin masallacin layin, zaune dirshan cikin taɓo yana riƙe da ƙwaurinsa, jini na bin yatsunsa. Kusa da shi kuwa, a bakin rumfar injinta, ga jan karen nan na layi. Bai gudu ba. Yana zaune yana kallon tsohon, jikinsa na rawa.

"Baba Ladan! Me ya same ku?"

"Taka shi na yi, Maman Lizzy," in ji tsohon. "Duhu ne. A cikinsa na ɗora ƙafa."

Karen nan abin kallo ne tun asali. Kunnensa ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Idonsa na dama baƙi ne, na hagu kuwa fari-fari kamar ruwan koko, in ya dubi mutum da shi sai mutum ya ji kamar an tuna masa wani abu da ya manta. Ba wanda ya san daga ina ya zo. An wayi gari ne wata shekara da ruwan Kaduna ya yi ambaliya aka gan shi a layin, kuma tun daga lokacin ba a taɓa jin muryarsa ba sai a wannan dare. Har akwai masu cewa bebe ne.

Harrison mai facin taya ya samo Keke Napep, aka kai Malam asibiti. Aka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, aka yi masa allura, aka ce zai riƙa komawa ana ƙara masa, kuma allurar cizon kare ba ta da arha.

Da safe Judith na goge bakin injinta sai ga Nasiru, ɗan Malam, ya dawo daga aikin dare a wata masana'anta da ke Kudenda, ko rigar aikin bai cire ba. A gabanta ya girma, don haka sai da ya gaishe ta tukuna.

"Mama, ina kwana."

"Lafiya lau, Nasiru. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Mama, karenku ya ciji Baba."

"Karenmu? Mu su wa?"

"Haba Mama. Duk layin nan wa zai ajiye kare in ba ku ba? Mu dai kin san ba ma kiwonsa. Kuma a rumfarki yake kwana, kowa ya sani."

"Rumfata ba ta da ƙofa, Nasiru. Akuya ma na kwana a nan. Ran nan har mahaukaci na samu."

"Mahaukacin bai ciji kowa ba." Ya share fuska da hannu. "Ni ba faɗa na zo yi ba. Ga kuɗin asibiti, ga allurai a gaba. Baba da wankin hula yake ci, yanzu ko tsugunawa ba ya iya yi. A biya wannan, a ba shi diyyar zaman da zai yi. In ba haka ba, wallahi sai dai kotu ta raba mu."

Ya tafi ya bar ta da tsumma a hannu. Ta dubi injin. Shi ke nan abin da take da shi a duniya. Da kuɗin sallamar mijinta aka saye shi lokacin da aka rufe masaƙar da yake aiki, kuma bayan rasuwarsa injin ne ya riƙe gidan, shi ke biyan haya, shi ke riƙe da Lizzy a makarantar koyon aikin jinya. In aka ce ta biya, ba ta da abin sayarwa sai shi.

Samari sun so su kashe karen da duwatsu, amma likitan dabbobi da aka kira ya hana. Ya ce a ɗaure shi a sa masa ido na wasu kwanaki. In ya ci gaba da ci da sha lafiya, to ba mahaukaci ba ne, hankalin kowa ya kwanta. Ba wanda ya tsaya tambayar inda za a ɗaure shi. Harrison ya kawo igiya, aka zarga a ginshiƙin rumfar Judith, kamar dama can nan ne wurinsa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta hau mota zuwa Narayi wurin Barista Wilfred, wani lauya ɗan garinsu. Ya saurare ta yana kaɗa makullin mota.

"Madam, kin taɓa ba shi abinci?"

"Ɗan gari-garin da ya zube. Wani lokaci ƙanzo."

"Kin taɓa korarsa daga rumfar?"

"Me ya yi mini da zan kore shi?"

"To kin gani. Alƙali ba zai tambayi wa ya saye shi ba. Zai tambayi wa ke ciyar da shi, a inuwar wa yake kwana. Wanda ya riƙe dabba kamar tasa, ana iya ɗora masa nauyinta. Akwai abin da zai taimake ki, tunda bai taɓa cizon kowa ba, kuma taka shi aka yi. Kina iya cin kes ɗin. Amma kafin a kai ga nan, yau a ɗaga, gobe a ɗaga, kuɗin mota da na lauya sun cinye injin naki. Shawarata, ku sasanta a gida."

Ta dawo gida. Ciniki kuma ya ja baya, domin mata da yawa ba sa son a niƙa musu hatsi kusa da kare, sai suka riƙa aikawa layin gaba. Ta kan zauna a kan benci ita da shi, injin shiru, su yi ta kallon juna. Bai taɓa jan igiyar ba. In ruwa ya sauko sai ya ɗaga kai ya bi kowane ɗigo da ke faɗowa daga bakin kwano da farin idon nan nasa, kamar yana jiran wani ɗigo na musamman. Wata rana ta ga tsuntsu ya sauka a bayansa ya ɗan huta, bai ko motsa kunne ba. Ta so ta tsane shi, abin ya ƙi.

Sai ta fara lura da wani abu. Kullum in ta buɗe ƙofa da sassafe, takan samu abinci a gabansa wanda ba ita ta ajiye ba. Yau guntun tuwo a kan ganye, gobe ƙashi, jibi ɗan wake a murfin roba. Judith kuwa ta shekara da shekaru tana niƙa wa layin nan, ta san garin kowane gida kamar yadda uwa ta san tarin 'ya'yanta. Ta ɗauki guntun tuwon ta murza. Dawa ce mai ɗan gauri, niƙan da Hajiya Sumayya kaɗai ke so, don kullum sai ta aiko a ce kada a yi laushi. Washegari ta ga tuwon masara haɗe da garin rogo. Gida ɗaya ke wannan haɗin, gidan Liman. Ta zauna a bakin benci ta riƙe haɓa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Da kwanakin da likita ya yanka suka cika, karen na nan garau, Mai Unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa ranar Asabar bayan la'asar. Maza suka zauna a kan tabarmi da benci, mata suka tsaya daga baya-baya. Malam Zakariyya'u bai zo ba saboda ƙafa, Nasiru ne ya tsaya masa. Ya faɗi abin da aka kashe da abin da ya rage, da irin asarar da uban ya yi. Aka nemi Liman ya ce wani abu, ya ce a abin da ya karanta, wanda ke da dabba mai cizo, aka gargaɗe shi bai tsare ta ba, to abin da ta ɓata yana wuyansa.

"Duk mun ji," in ji Mai Unguwa. "Saura abu ɗaya. Kare na wa ne?"

Duk idanu suka koma kan Judith. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, in na ce ba nawa ba ne, za a ce tsoron biya nake. In na kira sunan wani, na sayi gaba. Ina roƙon a kwance shi. A bar shi ya nuna gidansu da kansa."

"Ji wata magana!" in ji Hajiya Sumayya daga baya. "Yanzu kare ne zai ba da shaida?"

Aka yi dariya. Mai Unguwa bai yi ba. Ya shafa gemu, ya ce a zamanin mahaifinsa haka ake yi in an yi gardama a kan akuya. A jira rana ta yi sanyi, a sake ta, a bi ta a baya ba tare da kowa ya yi mata magana ba, gidan da ta shiga shi ne gidansu. Ya ce bai taɓa jin an yi da kare ba, amma bai ga abin da zai hana ba.

"Na yarda," in ji Nasiru da sauri. "Inda ya kwanta, mai wurin ya biya."

"Maman Lizzy, kin ji sharaɗin?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Sai da ta faɗa sannan ta gane abin da ta amsa. Duk kwanakin nan ita ke ba shi ruwa, ita ke share masa wuri. In ya miƙe ya yi juyi ɗaya ya koma ƙarƙashin injin, to da bakinta ta sayar da shi.

Rana ta yi ja a bayan dogayen bututun masaƙun da suka mutu. Jama'a suka taso gaba ɗaya zuwa rumfar. Mai Unguwa ya ce kada wanda ya yi fito, kada wanda ya kira shi, kada wanda ya tsaya a ƙofar gidansa. Harrison ya tsuguna ya kwance igiyar, ya ja da baya.

Karen ya miƙe ya yi miƙa. Ya tako har gaban Judith ya sunsuni ƙafarta, ya tsaya. Ta runtse ido tana addu'a a zuci. Ta ji Nasiru ya yi gyaran murya. Da ta buɗe ido, sai ta ga wutsiyarsa ta wuce ta.

Bai yi sauri ba. Ya bi gefen kwata yana tafiya irin ta wanda ya san aikinsa, jama'a na biye da shi, ba ka jin komai sai ƙarar silifa a cikin laka. Ya tsaya a ƙaramar ƙofar baya ta gidan Hajiya Sumayya, ya zauna, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya jira. A gindin bangon ga wani tsohon kwano mai fasasshen baki, an lashe shi tas.

"Na kaji ne," in ji Hajiya Sumayya, ba wanda ya tambaye ta.

"Hajiya, yaushe kika fara kiwon kaji?" in ji Harrison.

"Kai dai yi mini shiru, mai faci."

Bai kwanta ba. Ya tashi ya tsallaka zuwa shagon Harrison, ya zura baki cikin wata rabin taya da ke cike da ruwa, ya sha. Harrison ya sosa ƙeya. "Wannan na gwada tiyub ne fa," ya ce, aka kwashe da dariya. Daga nan ya nufi teburin mai shayi, ya zauna, ya ɗaga ƙafa. Ya wuce wurin mai tsire, ya yi haka. Ya shiga lungun gidan Liman, ya tsaya daidai tagar kicin, sai aka ga labule ya motsa, wani hannu ya fara leƙowa ya koma da sauri. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Tun daga nan dariya ta ƙare. A kowace ƙofa tsayuwarsa iri ɗaya ce, ba ya daɗewa a ta mai kuɗi fiye da ta talaka, ba ya tsallake ta Kirista ko ta Musulmi. Gidajen da suka shekara ba sa gaisawa saboda rikicin magudanar ruwa, ya tsaya a wannan ya tsaya a wancan. Judith na tafe a baya tana kallo. Shekarunta nawa a layin nan, ba ta taɓa sanin cewa duk yamma, lokacin da kowa ke ganin shi kaɗai ne ya ɓoya ya miƙa hannu, maƙwabcinsa ma hakan yake yi ba. Kowa ya ɓoye wa kowa, karen kuma ya riƙe musu bai faɗa ba.

Da ya zauna a ƙofar Mai Unguwa ya ɗaga ƙafa, tsohon ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah mai iko."

Saura ƙarshen layin, inda masallaci yake da gidan ladan a jikinsa. Malam Zakariyya'u na zaune a kan tabarma a bakin zaurensa, ƙafar da aka naɗe da bandeji a miƙe, sandarsa a gefe. Wani ya ce a tare karen kada ya ƙara cizonsa. Mai Unguwa ya ɗaga hannu, aka tsaya.

Karen ya rage tafiya. Ya zo daf da tabarmar, bai taka ta ba, ya bar ɗan tsakani kamar wanda aka koya masa. A nan bai zauna ya ɗaga ƙafa ba. Ya zube ƙasa, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa, ya ja dogon numfashi ya sauke.

Tsohon ya ƙura masa ido. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro guntun burodi a cikin leda, ya ajiye a ƙasa, ya tura masa da bakin sanda.

"Ka rame," ya ce masa a hankali.

Nasiru ya ratso jama'a ya tsuguna. "Baba."

"Na'am."

"Kun san shi ne?"

"Shi ke kai ni masallacin Juma'a. Shi ke kai ni wurin masu huluna a kasuwa, ya jira ni a bakin titi. Tun da idona ya fara hazo. Yana gaba, ina bin farin da ke bakin wutsiyarsa." Ya gyara zaman ƙafar. "Ran nan daga gidan gaisuwa nake, ban neme shi ba, na ce na san hanya."

"Me ya sa ba ku faɗa ba, Baba? Na je na tayar wa baiwar Allah hankali."

"Na ce maka taka shi na yi. Ka ce in yi shiru in huta, kai za ka ji da komai." Ya dubi karen. "Kuma ladan da kare, Nasiru. Da wane baki?"

Wata mata daga baya ta fara salati a hankali. Judith ta ga hawaye na zubo mata, ta bar su. Ba ta san ko na injin ba ne ko na wani abu dabam da ba ta da sunansa.

Mai Unguwa ya juyo ya fuskanci mutane. Ya ce in an bi sharaɗi, Malam ne zai biya Malam, wannan kuwa ba shari'a ba ce. Ya ce duk ƙofar da karen nan ya tsaya, mai ita ya kawo abin da ya sawwaƙa a ƙarasa allurai, a kuma riƙe tsohon har ya koma kan hulunansa, kuma daga gidansa shi Mai Unguwa za a fara.

"Maman Lizzy kuwa, ba mai bin ta komai fiye da kowa. Gobe ki tayar da injinki. Gidana za su aiko da dawa."

Nasiru ya zo gabanta ya durƙusa har ƙasa. "Mama, ki yafe mini."

"Tashi, Nasiru. Ubanka kake karewa. Tashi kada ka ɓata wandon aiki."

Mutane suka fara sakin jiki, wasu na shirin alwala. Sai Mai Unguwa ya ce akwai sauran magana ɗaya. Likita ya ce dole a yi wa karen rigakafi, kuma kada a ƙara barinsa yana yawo sakaka tunda ya taɓa cizo. Daga yau an san halinsa, in ya sake cizo, ba wanda zai ce bai sani ba. Sai an samu gida ɗaya da zai riƙe shi, mai gidan ya amsa cewa nasa ne.

Harrison ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya sunkuya a hankali ya ajiye ta a ƙasa. Liman ya dubi mai shayi, mai shayi ya dubi sama. Nasiru ya dubi ubansa ya kau da kai. Judith ta buɗe baki, ta tuna injin, ta rufe. Karen ya cinye burodinsa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da farin idon.

Can daga baya Hajiya Sumayya ta gyara mayafinta, muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, ba irin wadda aka saba ji ba.

"To, jama'a, a ƙofar wa za a ɗaure shi?"